INJI BIYU A JIRGI ƊAYA: ABIN DA BAKANIKEN MOTA ZAI TARAR A BAKIN TEKU

Duk wanda ya taɓa zama a bakin Marina a nan Ikko ran Asabar da la'asar, ko ya haye zuwa Tarkwa Bay shan iska, ba zai rasa ganin waɗansu 'yan jirage masu dogayen zannuwa suna tsere bisa ruwa ba, kowanne sai ka ce kwale-kwale biyu aka jera aka ɗaure. Su ne ake kira katamaran. Waɗancan ƙanana ne, na wasa, yawancinsu na 'yan kulob ɗin jiragen ruwa na Ikko ne wanda aka kafa tun 1932, kuma ba su da inji ko ɗaya, iska kaɗai ke kora su. Amma suna da yayye, manya masu ɗakunan kwana da kicin da makewayi, waɗanda ke ƙetare teku daga wata nahiya zuwa wata. Su ma da iska suke tafiya, sai dai kowannensu yana ɗauke da injin gas guda biyu, don shiga tasha da fita, da kuma ranar da iska ta kwanta.

Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu da jirgin masu hali? Dalili shi ne, cikin mutanenmu mazauna Kurmi akwai kanikawa da yawa, a Apapa da Ijora da Agege, a Warri da Fatakwal, waɗanda suka ƙware a injin tirela da tanka da janareta. Irin waɗannan manyan jirage ba su da yawa a ruwanmu, masu gyaransu kuwa sun fi su ƙaranci, saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana a aiko wa bakaniken janareta cewa ya zo bakin ruwa, inji ya ƙi tashi. In ya je ya ɗaga murfi, sai ya ga ɗan inji mai silinda uku ko huɗu, wanda bai kai na janaretan da ya gyara jiya ba. Sai ya yi murmushi. Gaskiyarsa kuwa, don kashi uku cikin huɗu na abin da ke gabansa ya san shi: fistin ne, da ringi, da nozul, da fambel. Sauran kashi ɗayan ne babu shi a gareji, kuma shi ne kan kashe inji, wani lokaci ya haɗa da jirgin da mutanen ciki.

Kalmar katamaran daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure wuri ɗaya. Mutanen tsibiran tekun Pasifik sun daɗe suna tafiyar dubban mil a kan tagwayen kwale-kwale tun Turawa ba su san hanyar ba. Wani Bature ɗan Ingila, James Wharram, ya ƙetare tekun Atlantika cikin wani da ya sassaƙa da hannunsa, wanda tsawonsa bai cika ƙafa 24 ba. Yanzu yawancin manyan a Faransa ake ƙera su, kamar Lagoon da Fountaine Pajot, sai kuma Leopard da ake yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Matsakaici a cikinsu tsawonsa ƙafa 40 ne, fāɗinsa ya haura ƙafa 20, nauyinsa tan 10 ko fiye, amma abin da ya nutse a ruwa wajen ƙafa 4 ne kawai. Kowane ɗaya daga tagwayen, bari mu kira shi komi, yana da injinsa can baya, mai ƙarfin doki 30 zuwa 45. Injin kuwa galibi ko Yanmar na Japan ko Volvo Penta na Suwidin.

BABU LAGIRETO

Abu na farko da bakanike zai nema ya rasa shi ne lagireto da fanka. Injin yana cikin rami ne a rufe, iska ba ta ratsa shi, don haka da ruwan da jirgin ke kai ake sanyaya shi. Ga yadda abin yake. A cikin injin akwai ruwan daɗi haɗe da maganin hana tsatsa, yana zagayawa kamar na mota. Amma maimakon ya bi ta lagireto, sai ya bi ta wata tukunya mai ɗauke da damin ƙananan bututu. Ta cikin bututun nan ne ruwan teku ke wucewa, ya kwashe zafin, ba tare da ruwayen biyu sun gauraya ba. Shi ruwan tekun ta ƙarƙashin jirgi yake shigowa, ya wuce wani bawul da ake buɗewa da hannu, ya wuce rariya mai murfin gilashi, sa'an nan wani ɗan famfo ya tura shi cikin tukunyar. In ya fito, sai a zuba shi cikin bututun hayaƙi, ya sanyaya hayaƙin, su fita tare ta bayan komi.

Saboda haka salansar jirgi amai take yi, kuma aman nan shi ne lafiyarta. Da zarar an ta da inji, kafin a dubi kowace allura, sai a leƙa baya a ga ruwa yana bulbulowa tare da hayaƙi. In an ƙirga zuwa ashirin ba a ga ruwa ba, ko aka ji ƙarar ta zama busasshiya irin ta babur mai fasasshiyar salansa, a kashe nan take. Kuma sau biyu za a leƙa, dama da hagu, gama kowane inji da nasa bututun. Sau da yawa mutum kan leƙa ɓangaren da sitiyari yake, ya ga ruwa, ya mance da ɗayan wanda ba ya iya gani daga inda yake zaune.

Me ya sa ake wannan gaggawa? Cikin ɗan famfon nan akwai wata roba mai fikafikai, ba ta fi ƙwallon goriba girma ba, kanikawan ruwa na ce mata imfela. Ruwan da take turawa shi ne kuma ke jiƙa ta. In ta juya a bushe na ɗan lokaci kaɗan sai ta yi zafi, fikafikan su karye. Daga nan inji ya hau zafi, bututun hayaƙi kuma, da yake na roba ne, ya fara narkewa. Canza imfela ba wuya, kusoshi kaɗan ne. Inda aikin yake shi ne, in an ciro tsohuwar sai a ƙirga fikafikanta a gwada da sabuwar. In ɗaya ya ɓata, to yana nan gaba ya maƙale a bakin bututun tukunya, kuma sai an kwance an nemo shi. Wanda ya sa sabuwa ya rufe ya karɓi kuɗinsa, mako na zagayowa za a sake kiransa, injin yana zafi ba a san dalili ba.

A ruwan Ikko kuwa babban abokin gāban wannan tsari ba ya wuce leda. Ledar fiya wata ɗaya tak ta isa ta liƙe a bakin ramin shigar ruwa ta toshe shi. Ga kuma kainuwa, wadda ta shigo ta rafin Badagry daga wajen Jamhuriyar Benin a 1984, tun daga sa'an nan take rufe rafuka duk ƙarshen damina. Abin ban haushi ga leda shi ne, da an kashe inji tsotson ya daina, sai ta sulale ta tafi abinta. Bakanike ya zo ya buɗe rariya ya ga babu komai, ya yi ta neman laifi inda babu shi. In inji ya yi zafi farat ɗaya a ruwa mai shara, kana aka sake ta da shi ya yi lafiya, to leda ce, amma duk da haka a buɗe famfo a duba imfela, don ta riga ta sha wuya.

Akwai wata ɗabi'a ta gareji da ya kamata a bar ta a bakin gaɓa, watau yawan yin kik. A mota in inji ya ƙi tashi, sai a yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, iyakar hasarar ke nan. A jirgi ba haka ba ne. Duk juyin da inji ya yi, famfon nan yana zuba ruwa cikin salansa, alhali kuwa babu ƙarfin hayaƙin da zai kore shi waje. Salansar ta cika, ruwan gishiri ya koma da baya ya shiga silinda. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kik na gaba sai ya lanƙwasa sandar fistin, injin da ƙila iska ce kawai ta shiga layin mansa ya koma sai an sauke shi ɗungum. Dabarar ita ce, in an yi kik sau biyu ko uku bai tashi ba, a rufe bawul ɗin shigar ruwa kafin a ci gaba, a kuma tsai da mutum a kansa wanda zai buɗe shi da zarar injin ya kama.

TUƘI IRIN NA MAI BARO

Bakanike ba direba ba ne, amma wanda aka ɗauka aiki a jirgi ba a daɗewa za a miƙa masa totur, don haka gara ya san yadda abin yake. A gaban mai tuƙi akwai sanduna biyu, kowanne da injinsa. Tsakiya firi ne, in ka tura gaba giya ta shiga kana wuta ta ƙaru, in ka ja baya ribas ne. Birki babu. Abin da ke tsai da tan 10 shi ne ribas, kuma ba a tsallakawa daga gaba zuwa baya kai tsaye, sai an ɗan dakata a firi injin ya sauka, in ba haka ba giya ce za ta biya.

Farfelolin biyu suna nesa da juna, tazarar ta kai ƙafa 15 ko fiye, kuma wannan tazara ita ce sirrin tuƙin. Duk wanda ya taɓa tura baro a kasuwar Mile 12 ya riga ya san shi. Ka tura hannun dama, baro ya karkata hagu. Ka tura dama ka ja hagu, ya juya a inda yake. Haka katamaran: injin dama gaba, na hagu ribas, sai jirgi mai ƙafa 40 ya juya a kan gurbinsa bai matsa ba. Shi ya sa gwanaye in za su shiga kwata sukan miƙe sitiyari su ƙulle shi, su yi aikin duka da sandunan nan biyu, da 'yar wuta kaɗan-kaɗan. Sabon shiga shi ne za ka gani yana murza sitiyari da hannu ɗaya yana fama da totur da ɗayan, jirgin kuwa yana yin abin da ya ga dama. Sai a kula da iska, don jirgin dogo ne a sama, gajere a ƙarƙashin ruwa, hadarin farkon damina in ya taso yakan tura shi gefe kamar kwanon rufi.

A sarari, in tafiya ta miƙa, yawancin masu jirgin inji ɗaya suke kunnawa. Saurin da ake rasawa kaɗan ne, man da ake ragewa kuwa da yawa, don kowane inji yakan sha lita 2 zuwa 3 a awa. Sai a riƙa yi musu karɓa-karɓa. Amma wannan fa sai jirgi ya riga ya ɗauki gudu. Daga tsaye, inji ɗaya ba ya miƙar da katamaran, kewaya shi yake yi, har sai ruwa ya fara gudu bisa allunan sitiyarin da ke ƙasa. A nan ne maganar da masu sayar da jirgin ke yi, wai in ɗaya ya mutu akwai ɗaya, take da gyara. A tsakiyar teku gaskiya ce. A cikin kwata mai cunkoso, ko a bakin mashigar Ikko tsakanin dogayen katangun duwatsun nan biyu, ga igiyar ruwa ga manyan jiragen kaya suna shigowa, mai inji ɗaya yana cikin wahala ƙwarai.

MAN DA YA KWANA

Ni a ganina babban kuskuren da ake yi wa jirgi mai inji biyu shi ne a ɗauka cewa biyun ba za su mutu tare ba. Suna mutuwa tare, don abin da ke kashe su ɗaya ne. Ruwa ɗaya suke tsotsa, mutum ɗaya ke kula da su ko ya yi sakaci da su, man da suke sha kuma daga jarka ɗaya aka zuba shi. Waɗansu jiragen ma tanki ɗaya ne ke ciyar da duka biyun.

Tirelar da ta tashi daga Apapa zuwa Kano takan shanye tankinta ta sake sha a hanya, mai ba ya kwana a cikinta. Jirgin da iska ke korawa kuwa yana iya ajiye mai wata shida bai ƙare ba. Cikin wannan zama ruwa yake taruwa a gindin tanki, wani daga raɓar da ke tsatsafowa a jikin tankin da ba a cika ba, wani daga ruwan sama da ke bi ta murfin zuba mai in 'yar robarsa ta tsage (wanda ya san ruwan Yuni da Yuli na Ikko ya san ba ɗan kaɗan ba ne), wani kuma tun daga wurin mai sayarwa. A iyakar da ruwa da mai suka haɗu waɗansu ƙwayoyin halitta ke rayuwa suna hayayyafa, su bar wani baƙin kāki mai yauƙi. Muddin jirgi na kwance a rafi, dattin na kwance a ƙasa, inji na tashi lafiya kowace safiya, mai jirgi na yaba wa bakanike. Ranar da aka fita, aka iso bakin mashiga, igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi, sai dattin ya tashi gaba ɗaya. Filtar dama ta toshe, injin ya yi tari ya mutu. Ana cikin duba shi na hagu ya bi sahu. Watau daidai wurin da aka fi bukatarsu, nan za su yi shiru, kuma ba tsautsayi ba ne, tun watanni aka shuka shi.

Maganin ba tsada gare shi ba. Kafin a zuba mai, a ɗebi kaɗan a farar kwalba a ajiye ya kwanta, ruwa zai sauka ƙasa, idan kuma an sirka shi da kananzir hanci da yatsa za su faɗa. Kananzir ba shi da santsin da famfon mai ke bukata, a hankali yake cinye shi. A zuba ta mazurari mai rariya. Tsakanin tanki da inji akwai filta ta farko mai kofin gilashi a ƙasa, ita ake dubawa kullum, in an ga ruwa ya kwanta a tsiyaye shi. In jirgin tanki biyu gare shi, kuma hali ya yi, kada a cika su daga wuri ɗaya rana ɗaya. A kuma koyi canza filta da cire iska daga layin mai tun jirgi na ɗaure a kwata, don wanda bai iya a tsaye ba ba zai iya ba ana rawa da shi a cikin rami mai zafi. Gargaɗi ɗaya ga tsofaffin hannu: sababbin injuna masu kwamfuta suna tura mai da ƙarfin da ya wuce na dā nesa ba kusa ba. Dabarar nan ta sassauta bututun nozul inji na juyawa ba a yin ta a kansu, man yana iya huda fata ya shige cikin nama.

Wata cutar kuma ta zama ce. Injin gas aiki yake so. A jirgi akan ta da shi a firi awa biyu ko uku don cajin batir kawai, kowace rana. Injin da ba ya ɗaukar kaya ba ya yin zafin kirki, man ba ya ƙonewa sarai, jikin silinda ya yi santsi kamar gilashi, gwiwar da ruwa ke haɗuwa da hayaƙi ta cika da gawayi. Ƙarshenta inji mai awa kaɗan ya koma shan baƙin mai yana shuɗin hayaƙi. Irin waɗannan injuna iyakar gudunsu juyi 3,000 zuwa 3,600 ne a minti, sun fi jin daɗi a kashi uku cikin huɗu na wannan, kuma yana da kyau lokaci-lokaci a buɗe musu wuta na 'yan mintoci suna cikin giya. In aka buɗe wuta allura ta kasa kai inda ta saba, ga baƙin hayaƙi, kafin a zargi nozul a dubi farfela. Ruwanmu mai ɗumi ne, cikin 'yan makonni ƙananan ƙwanso kan manne mata su yi tauri kamar siminti. In za a kashe, a bar shi ya huce minti biyar a firi, a kashe da maɓallinsa. Wanda ya yanke babban makunnin batir inji na aiki ya ƙone cajar.

ƘAFAR DA KE CIKIN RUWA

Yawancin katamaran ba su da dogon sandan nan da ke tafiya daga giya zuwa farfela. Abin da suke da shi wata ƙafa ce ta alminiyam, wadda ke manne da injin ta sauka kai tsaye ta wani rami a ƙasan komi, farfela na ƙarshenta. Kamfanin Volvo Penta ya fito da irinta a 1973. Ramin da ta bi ya kai faranti fāɗi, abin da ke tsakaninsa da teku kuwa wani faifan roba ne mai kauri. Volvo Penta sun ce a canza shi duk shekara 7, ko da ya yi kama da sabo, shekarar da aka yi shi kuma tana buge a jikinsa. Bakaniken da aka kira ya duba tsohon jirgi ya fara neman wannan lamba kafin ya buɗe komai. Jirgi biyu ne a haɗe, faifan ma biyu ne.

Ƙafar tana da manta dabam da na inji, da 'yar sandar aunawa a samanta. Man nan garau ya kamata ya kasance. In ya koma kamar koko da madara, ruwa ya shiga, kuma kusan kullum ta sil ɗin bayan farfela ne, wanda zaren fatsa ko guntun taru ya naɗe ya yanka. A ruwan da masunta suka cika, kamar namu, wannan ba baƙon abu ba ne. Gyaran sai an fitar da jirgi tudu, ga shi kuwa ba kowace kwata ke da wurin ɗaga jirgi mai fāɗin ƙafa 20 ba, ruwan Ikko kuma ba ya janyewa da yawa balle a jingine shi a yashi a yi aiki. Saboda haka ranar da aka samu aka fitar da shi, a yi duk abin da ke ƙasa gaba ɗaya.

Cikin abin da ke ƙasa har da wani zobe na tutiya da ke gaban farfela. Alminiyam da tagulla in suka haɗu cikin ruwan gishiri sukan zama kamar batir, ɗaya ya riƙa cin ɗaya, alminiyam ne kuma ke cuta. Zoben an sa shi ne don a ci shi a bar ƙafar. In ya cinye rabi a canza. In kuwa shekara ta zagayo yana nan sumul, ba abin murna ba ne, ba ya aiki ke nan, ko an shafa masa fenti ko bai manne da ƙarfen ba. A ruwan da ya gauraya, rabi gishiri rabi daɗi irin na rafukan Ikko da na Neja Dalta, tutiya kan yi farin ɓawo ta yi barci, shi ya sa da yawa suka koma ga zoben da aka yi da wani gaurayen alminiyam na musamman. Fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe a ciki kuwa ba a kusantar da shi ga ƙafar.

In inji na tafiya lafiya ya tsaya cak kamar an shaƙe shi, igiya ce ta naɗe farfela, sau da yawa ma igiyar jirgin ce da wani ya bari tana ja a ruwa. A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa daga cikinmu ba a bakin kogi muka tashi ba, iyo bai dame mu ba. Kada kunya ko tsoron rasa aiki ya sa mutum ya faɗa ƙarƙashin jirgi da wuƙa a hannu. Wanda zai shiga sai wanda ya iya, da igiya a ƙugunsa, an kashe injunan biyu, makullan kuma suna aljihunsa. Rigar ruwa ba ado ba ce. Haka nan ramin inji ba wurin babbar riga ko rawani ko carbi a wuya ba ne, fambel ba ya tambaya. Murfin ramin yana can ƙarshen komi dab da ruwa, don haka ba a shiga ana tafiya sai mai tuƙi ya sani.

Sauran aikin bakanike ya san shi. Baƙin mai da filtarsa ana canzawa bisa awa, ba bisa mil ba, ko kuma bayan shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Ƙarƙashin injin babu wurin sa kwano, sai a ɗumama shi a tsotse man da ɗan famfon hannu ta sama, a kuma fita da shi tudu, kada a juye a rafi inda mutane ke kamun kifi. Kowane inji a buɗe masa shafinsa a littafi, a rubuta awa da abin da aka yi, don ƙwaƙwalwa takan rikita dama da hagu. Ƙasan kowane inji a share shi tas, a shimfiɗa farin ƙyalle ko kwali, ɗigo ɗaya na mai ko na ruwa zai nuna kansa da safe. Baƙar ƙura a gaban inji fambel ne ke cinyewa. Farin gishiri a ƙarƙashin famfo sil ɗinsa ne ya fara yoyo.

Akwai alheri ɗaya da tagwayen ke yi wa bakanike wanda mota ba ta yi masa: kullum yana da inji mai lafiya da zai gwada marar lafiya da shi. In bai tabbata ko ƙarar nan daidai ce ba, ya haye ɗaya komin ya saurara. Ya ɗora hannu bisa murfin famfon dama, ya ɗora bisa na hagu, in ɗaya ya fi ɗumi ruwa ya ragu a can. Ya dubi yawan aman salansar biyu, ya dubi allurar zafi da ta caji a gudu ɗaya. In yana zargin wani ɗan kaya, ya musanya su ya ga ko cutar za ta bi kayan ta ƙetare. Sai dai in an gama gwaji a mai da kowanne mazauninsa a sayo sabo. An saba a gareji a ciri kayan wata mota a tayar da wata, amma a nan wanda aka cira ɗin shi ne ake sa rai zai dawo da jirgi gida. Abin da ya kamata ya zauna cikin akwati a jirgi, bibbiyu, shi ne imfela da takardar murfinta, fambel, filtar mai ta farko da ta biyu, galan ɗin baƙin mai, da waɗansu turaku na katako masu tsini. Su turakun ana ɗaure ɗaya da zare kusa da kowane bawul, don in bututu ya tsinke a buga shi a ramin kafin ruwa ya kai ga batir.